Kofi na Bakwai

Mu uku aka zaunar ƙarƙashin rumfa
a filin baje-koli na Sakkwato, tsakar bazara,
zafin da ke sa kwalta riƙe takalmi.
Hajiya Tumba mai gidan abinci a Mabera,
Malam Jabbi da ya karanci sinadarai,
da ɗan gilashin awon zaƙi a aljihunsa,
sai ni, tsohon duba-gari,
ba ni da komai sai harshe.

Kofuna goma sha biyu, ba suna, sai lamba.
Ga ruwan kurkure baki,
ga takarda, ga biro mai gardama.

Na ɗaya zoɓo ne, ja wur,
sukari ya hau shi ya danne kamar ɗan kokawa.
Na biyu kunun aya, ya kwana,
har ya fara tsegumi a bakin kofi.
Na uku an zuba masa citta
kamar mai shi na fushi da wani.
Na ba shi biyar, ina share ƙwalla.
Na huɗu fura ce da nono daga Wamakko,
Hajiya ta lumshe ido ta ce, "Wagga hura ta yi."
Ba wanda ya musa.
Na biyar ƙamshin kanti,
abarbar kwalba da ba ta taɓa ganin gona ba.
Na shida na manta shi tun yana bakina.

Sai na bakwai.

Zoɓo ne shi ma, amma ya yi duhu,
ba ƙanƙara, ba ado,
sanyinsa bai cizon haƙori,
yana sauka a hankali kamar inuwar la'asar.
Kanumfari kaɗan. Tsami ya tsaya inda aka ce ya tsaya.
Can ƙarƙashi kuma akwai wani abu,
ƙamshin ƙasa da ta sha ruwan farko.

Na ajiye kofin.
Rumfa ta ɓace, lasifika ta yi shiru,
ga ni ɗan shekara tara a Acida,
na dawo daga kiwo, maƙogwaro kamar garwashi,
Inna ta ɗaga faifai daga bakin randa,
moɗa ta nutsa, ta fito tana ɗiga.
Shekara arba'in da rasuwarta,
ban san harshena ya ɓoye ta ba.

Malam Jabbi ya ɗaga gilashinsa ga haske.
"Akwai laka ciki," ya ce. Huɗu.
Hajiya ta taɓe baki: "Ba shi da sanyi." Biyar.
Ni na rubuta goma,
na sake bi ta kai don kar a ce kuskure ne.
Alƙali bai kamata ya yi son kai ba, na sani.
Amma wa zai rantse cewa bakinsa
ba ɗan wani gida ba ne?

Fura ta ci, aka miƙa injin markaɗe,
aka tafa, aka ɗauki hoto.
Na bakwai ya zo na takwas.

Da taro ya watse na bi lamba har rumfar ƙarshe.
Yarinya ce, Luba, daga Kware,
tana ɗaure robobi bayan babur ɗin wanta.
Na ce, wa ya koya miki?
Ta sunkuyar da kai kamar na kama ta da laifi:
"Baba, wuta anka ɗauke kwana ukku,
firji ya mutu, ba kuɗin ƙanƙara,
shi na zuba shi randar kakata.
Ku yi haƙuri."

Shekara talatin ina leƙa randunan mutane
ina rubuta tara.
Na ce ta sayar mini da abin da ya saura.
Rabin gora ne. Ta ƙi karɓar kuɗi.

Yana nan gefen gadona.
Ina sha kaɗan-kaɗan,
gobe zai yi tsami, na sani.