Dare na Uku a Hazard

Ƙarfe biyu saura, jirgin gawayi ya ratsa gindin tudu,
tagar kicin ta amsa masa da rawa.
Ni ce zaune da biro da bayan takardar kuɗin wuta,
ina rubuta lokaci, ina ƙirgawa.

Delmar yana ɗaki, yayana,
wanda ya yi shekara sha ɗaya a cikin dutsen Kentaki
har ranar da rufin rami ya sauko masa a gadon baya.
Likita ya rubuta masa ƙwaya ta kwana goma.
Ta shigo, ta shimfiɗa tabarmarta,
shekara shida babu komawa.

Yau kwana uku rabonsa da ita.
Hamma kamar muƙamuƙi zai tsage.
Hanci na zuba, ido na zuba, kuma ba kuka yake ba.
Fata ta tashi kamar ta kazar da aka fige.
Bargo uku, gumi ya jiƙa su sharkaf,
shi ko a ciki yana karkarwa.

Ronda ta asibitin gari ce ta miƙo mana leda.
Ta ce, babu dangin waccan a ciki, ko ɗaya.
Wannan 'yar ƙaramar, kulonidin,
asalinta ta hawan jini ce,
amma tana rufe bakin ƙararrawar da ke ihu a jijiya,
gumi ya lafa, zuciya ta rage sukuwa.
Ki auna jininsa kafin ki ba shi.
In ya yi ƙasa, ki dakata, ki kira ni.
In zai miƙe, ya fara zama a bakin gado,
jiri ba ya sallama kafin kayarwa.

Ga ta amai, a kan harshe take narkewa.
Ga ta murɗar ciki. Ga ta ciwon gaɓa, bayan ya ci wani abu.
Ruwa kuma kurɓi-kurɓi, ko yana ƙi.

Na ce, shi ke nan ya warke?
Ta dube ni ta saman tabarau.
Ta ce, laima ce wannan, 'yar'uwa,
ba ta hana ruwa sauka.
Litinin ku dawo, akwai sauran tafiya.
Jikinsa zai manta nauyin da ya saba ɗauka,
in ya koma ya sha irin na da, numfashi na iya tsayawa.
Ga feshin hanci. Ajiye shi inda hannu ke kaiwa.

Ƙarfe uku ya zage ni, ya zagi dutse,
ƙafafunsa na harbin katifa ba da izninsa ba.
Ya ce, rabi kawai, Arlin, kin san gidan.
Na san gidan.
Na tara masa ruwan ɗumi a baho,
na ɗaura masa awo a dantse, allura ta ce to,
na ba shi 'yar ƙaramar, na rubuta: uku da kwata.

Wajen huɗu ƙafafun suka yi shiru.
Minti arba'in ya yi barci, na ƙirga su
kamar mai ƙirga canji a hannun baƙo.

Da gari ya fara fari a kan kogi
sai na ji muryarsa, a shaƙe, daga ɗaki:
Akwai sauran burodi?
Na ce akwai.
Na tsaya gaban murhu, hannuna na rawa,
na ƙona na farko,
na sa wani.