Kwalba Ta Goma Sha Bakwai

Ƙarfe biyun dare aka miƙo ta ta taga,
'yar kwalba mai jan murfi, da sauran ɗuminta.
Na san sunan da ke jiki: Haladu Namadi,
mai tirelar da ke lodin riɗi a Dawanau.
Ran Juma'a ma mun gaisa a Kurna,
yana ɗingishi, ya ce ƙauri ne ya yi tsami,
kwana uku a zaune daga Ikko, wa zai yi mamaki?

Ashe gudan jini ne ya kwanta a jijiya,
ya yi lamo kamar ba ya nan.
Sai da ya miƙe alwalar lisha
abin ya ɓalle, ya bi hanya bai tsaya ba,
ya je ya tokare mashigar huhu
kamar mota ta mace a bakin Kantin Kwari,
na baya duk suka tsaya cak.

Ni ba na ganin fuska a aikina.
Inji nake ba jini, ya juya shi har ya rabu,
ja a ƙasa, ruwan ɗorawa a sama,
sannan in tambaye shi abin da mai shi ya kasa faɗa.
Zuciya in ta yi dakon da ya fi ƙarfinta
takan zubar da wani abu cikin jini,
kamar ɓulallen buhu yana tsiyayar gero a titi.
Toroponin muke ce masa.
Shi nake ƙirgawa. Na Haladu ya haura.
Tsamin jinin ma ya haura:
tsoka ce ke kukan iska.

Matarsa Tasalla ta kama ƙarfen taga,
takalminta wari da wari.
"Malam, me takardar ta ce? Zai tashi?"
Na ce likita zai yi bayani.
Ban yi ƙarya ba, ban kuma ƙoshi da amsar ba.

Lamba ba ta san ajali ba.
Ta dai san wa za a matso da gadonsa kusa da nas,
wa za a narkar wa gudan tun kafin gari ya waye.
Na ga mai ƙaramar lamba an fita da shi a rufe,
na ga mai babba ya koma cinikin albasa a Yankaba.

Aka ɗauke wuta. Janareto ya yi tari ya kama.

Ana kiran assalatu kwalbarsa ta biyu ta zo.
Tsamin ya sauka. Ɗayan kuwa ya ƙi,
ya tsaya inda yake, bai dai ƙaru ba.
Na rubuta, na sake dubawa, na sa hannu.

Da hantsi na bi ta Kurna zuwa gida.
Tirelar na nan a gefen titi,
yaron motarsa ya hau taya
yana wanke gilashin gaba.