Jarrabawar Barira

A Kumo an sallame isha'i, can azahar ta yi.
Na jingina waya da butar shayi,
na goge tabarau da bakin riga.
Barira ta fito a gilashi, da kayan asibiti,
ta ce, "Baba, Talata ce jarrabawar zama 'yar ƙasa,
yi mini tambayoyin, ban gama haddacewa ba."

Shekara talatin da ɗaya ina cin ƙurar alli,
ina koya wa 'ya'yan mutane tsarin mulki.
Yau aji ya koma mutum ɗaya, tawa ta cikina,
darasin kuwa hanyar barina ce,
ban kuma ce a'a ba.

"Da me kundin Amurka ya buɗe baki?"
"Da Mu Jama'a."
Na ce namu ma haka ya fara,
sai dai ranar da aka rubuta shi
ina layin kananzir a bakin tasha,
ba a leƙo an tambaye ni ba.

"Rassan gwamnati fa?"
"Uku. Masu yin doka, mai zartarwa, masu fassara."
Na ce faɗi dalili. Ta yi shiru.
Na ce mutanen nan sun san zuciyar mai mulki,
shi ya sa suka raba wuƙa da nama:
wuƙa a hannun wannan, nama a hannun wancan,
na uku na tsaye yana duba ko yankan ya halatta.
Ta yi dariya har waya ta girgiza:
"Baba, mai tambayar bai san karin magana ba."

"Dattawa nawa?"
"Ɗari. Bibbiyu. Babbar jiha da ƙarama, mudu ɗaya."
"Wakilai?" "Su gwargwadon yawan kawuna."
"Me ke hannun tarayya?"
"Buga kuɗi, shelar yaƙi, ƙulla alkawari da ƙetare."
"Jiha fa?"
"Makaranta, 'yan sanda, lasin tuƙi.
Abin da kundi bai miƙa wa tsakiya ba
na jihohi ne, ko na jama'a. Gyara na goma."
Ko ɗaya ba ta faɗi ba.

Ko na jama'a.
Bayan katangata akwai kwari,
damina huɗu yana cin ƙasa ba bismilla.
Ya haɗiye dalbejiyar Gidado da turken awakinsa.
Na rubuta wa ƙaramar hukuma, suka ce aikin jiha ne.
Jiha ta ce titin tarayya ke turo ruwan.
Tarayya tana da nisa.
Hawa uku na gwamnati a kaina,
ramin kaɗai aka bar mana,
shi ba a yi rigimar mai shi ba.

Ta ce, "Baba, nan ma takarda ba ta tare ruwa.
Kullum jiha da tarayya suna gaban alƙali.
Kundin da ya ce Mu
bai ƙirga bayi cikakkun mutane ba,
sai da jini ya zuba aka yi masa faci.
Faci ashirin da bakwai ne a jikinsa yanzu."
Na ce rigar da ake yi wa faci
ita ce wadda masu ita ba su yar ba.

Gobe da sassafe ni da Gidado da samarin layi
za mu ɗura yashi a buhunan siminti
mu jera a bakin kwari kafin hadari ya haɗo.
Mu jama'a ke nan, da shebur biyu na aro,
ko da ba a sa mana hannu ba.

Na ɗaga jan biro na yi mata maki a iska.
Saura tambaya guda wadda ba ta cikin littafin,
tun magariba take tsaye a maƙogwarona.
Na buɗe baki, hoton ya daskare,
Barira tana murmushi, ba motsi.
Na dai faɗa. Ba ta ji ba.