Shawagi

Tun bayan isha nake zaune a shagon caji,
batirin sola ya sauko layi biyu,
kwamfutar da na saya hannun wani a Gumel
tana huci a cinyata kamar ɗan akuya.

Aikin ba yawa, ni na faɗa da bakina:
shafin ƙungiyar manoman Ɗanzomo,
hoton buhu uku, riɗi, zoɓo, gyaɗa.
In kibiya ta zo ta tsaya bisa buhu,
ko ba a danna ba,
ɗan akwati ya fito da farashin mako.
In ta tashi, ya koma. Shi ke nan.

To, ga shi yana fitowa yana ɓuya,
yana ƙifta mini ido kamar aci-balbal cikin iska.
Hannuna na kan linzami, ban motsa ba,
amma shafi ya rantse na shiga na fita,
na shiga na fita.
Na sa shi ya ƙirga mini:
sittin da huɗu kafin in haɗiye yawu.

Na zargi linzamin, na hure ƙasansa,
na goge shi a gefen riga.
Na aro na Ilu mai buga takardu, duk kanwar ja ce.
Na zargi tebur, na sa littafin bashi a ƙarƙashi.
Na bi rubutuna layi-layi ina neman waƙafi
kamar mai tsintar tsakuwa a faifan riɗi.
Babu.
Na ce ya jinkirta rabin daƙiƙa,
ƙifcen ya rage sauri, bai daina ba.
Ciwo na nan, tsumma kawai na ɗaura.

Inna Tabawa ta zo karɓar wayarta,
ta tsaya bayana da warin daddawa a zanenta.
"Kai da wa kake faɗa da daren nan?"
Na nuna mata don dai ta tafi.
Ta duƙa, ta daɗe.
"Akwatin a ina yake fitowa?"
Na ce a kan buhun.
"Ƙarƙashin tsinken naka?"
Na ce e.
Ta yi dariya har da tari.
"Ai jikana ne, Sabo.
Ya rufe ido da tafi ya ce ba kowa,
ya buɗe ya ce ga Inna."

Ta biya hamsin ɗinta ta fita.

Na zauna shiru.
Buhu ya ga baƙo, ya miƙo akwati,
akwati ya shiga tsakani ya tare masa gani,
ya ce baƙo ya tafi, ya janye,
sai ga baƙo.
Ba wanda ya yi ƙarya. Ni na raba su gida.

Na zagaye su da katanga ɗaya,
na ɗauke mai gadi daga kowane ɗaki
na ajiye shi a bakin zaure:
wanda ya bar tsakar gida ya leƙa rumbu
bai fita ba tukuna.
Kibiya ta sauka. Akwati ya fito.
Ya tsaya cak.
Na bar ta nan ina kallo har batir ya yi kuka.

Da hantsi Baffa Ɗanjuma, shugaban ƙungiya,
ya zaro wayarsa mai tsagaggen gilashi,
ya riƙe yatsa sama da buhun riɗi
yadda na ce,
yana jira.
Ba abin da ya fito.
Waya ba ta san inuwa ba, sai taɓawa.
Yatsa ba shirwa ba ne,
ko ya sauka, ko bai zo ba.

"To nawa ne riɗin?" in ji shi.
Na faɗa masa da baki.
Ya gyaɗa kai, ya mai da waya aljihu.

Can sama da kajin Inna
shirwa na ta shawagi, ba ta sauka ba,
amma kaf sun shige ƙarƙashin rumbu.
Na jona kwamfuta, na buɗe sabon layi.