Adashin Rana

Kakana ya bar gonarsa a ƙarƙashin ruwa.
Da aka tare kogi a Kainji,
tsibirinsu ya nutse da tsamiyarsa da kushewunsa.
Aka ce su yi haƙuri, haske za a yi.
Hasken ya hau waya ya wuce su.
A gaban aci-bal-bal aka yi masa wanka.

Ni kifi nake sayarwa a Yelwa,
giwan ruwa, ragon ruwa, tarwaɗa,
firiza uku a zaure, kowace da irin kukanta.
Bara na rabu da kwalekwalen gado
da injinsa mai tarin asuba.
Haliru ya hau kwanon ɗakina
ya jera faranti goma sha biyu,
baƙaƙe wuluk, kamar banda a kan raga.

Kuɗin batir bai kai ba.
Ya ce kada in damu, a ɗaura da layin gari:
da rana ka zuba musu, da dare ka kwasa.
Na ce ashe adashi ne.

Ranar farko na ja kujera gaban mita.
Kibiyar da ta saba nuno gidana
ta juya tana nuna titi.
Sau uku Atine ta aiko, tuwo ya huce.
Na ce a rufe shi,
yau kamfanin wuta ne ke cin bashina,
ina so in gani da idona.

Sai wata Laraba, rana ta take,
inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafar mai ita,
aka ɗauke wuta.
Inbata ta yi tsuwa ɗaya, ta rufe ido.
Firiza uku suka yi tsit.
Ga rana na kwarara a kan kwano
kamar famfon da aka manta a buɗe,
ga kifina ya fara gumi.

Na buga wa Haliru.
Abin da na faɗa masa ba zan maimaita ba.
Ya bari na gama tas,
sannan ya ce: fita ƙofa, dubi turke na uku.

Na fita.
Labaran ne a sama, ɗaure da bel,
filaya a baki, hannu biyu cikin wayoyi,
Labaran mai 'yan biyu,
wanda ke sayen kan kifi ran albashi
yana neman gyara.

Haliru ya ce a kunnena:
su sun kashe nasu kafin ya hau.
Da injinka bai yi shiru ba,
ranar ɗakinka za ta bi waya
ta iske shi a can.

Na tsaya da waya a hannu
har kati ya ƙare.

Kwando guda ya saki jiki a ranar.
Atine ta hura wuta, ta yi bandarsa,
ba ta ce kanzil ba.
Gab da la'asar Labaran ya sauko,
ya leƙo zaure ya roƙi ruwa.
Ya sha, ya yamutsa fuska:
Alhaji, duk faifan nan, ruwanku ba sanyi?
Na ce yau dai haka ya samu.

Har yanzu ina tara kuɗin batir
a gwangwanin madara.
Amma in hantsi ya ɗaga, kibiya ta juya,
nakan bi waya da ido har ta ɓace bayan tasha.
Ban san gidan da ranata ke sauka ba.
Wataƙila keken wani tela,
wataƙila fankar ɗakin haihuwa,
wataƙila can bakin tafki,
inda dangin kakana suka sake kafa bukka,
wani ƙwai guda ya kama
a ɗakin da ba a sa rai ba.