Abin da Takarda Ba Ta Saya Ba

Ni ne akawun.
Ni aka miƙa wa littattafai biyu,
aka ce, Sallau, mai da su ɗaya kafin Litinin.
Ɗaya na Hajiya Turai ta Gangare,
rubutun siri-siri kamar jerin cinnaku,
ɗaya na Baba Gyang na Bukuru,
kowane shafi da tabon mai da sawun yatsa.

Shekara goma sha ɗaya suna ƙwacen masu shayi,
ta rage naira biyar, ya ƙara wa burodinsa kauri.
Sai buhun fulawa ya yi tsalle ya haye Dutsen Shere,
man janareto ya bi sawunsa.
Kowa ya laluba aljihu,
sannan suka ɗaga kai suka dubi juna.

An zauna a benen lauya kusa da Taminus,
ana ruwa, kowa ya dunƙule cikin rigar sanyi.
Sittin nata, arba'in nasa, wannan bai kai la'asar ba.
Abin da ya kai mu magariba:
sunan wa zai hau gaba a jikin leda?
Aka tashi babu sunan kowa,
sai hoton dutse da zangarniyar alkama.

Ba zan ɓoye ba, an ga haske.
Dillalin da ke shanya mu a rana kan buhu ashirin
yau shi ke karkaɗe mana kujera,
don tirela guda muke kira.
Amma hanyar Farin Gada guda ɗaya ce,
direbobinta kuwa biyu.
Davou na da 'ya'ya huɗu, Iliya ya sa ranar aure.
Ni aka ba jan biro.
Har yau in na hango shi a tasha, sai in duba agogona.

Da ruwan ciki ake jan na rijiya, in ji Hajiya,
to ciki ya cika, sai muka leƙa Unguwar Rogo.
Malam Nadabo ba haɗaka ya yi da mu ba,
sayarwa ya yi, ɗungurungum:
tanderu, injin kwaɓi, faranti ɗari uku, har da tsintsiya.
Ya sa hannu yana kallon silin.
Da zai fita ya ce a bar masa buta.

Kwana tara sai ga wata tsohuwa mai itace,
ta ja ni bayan ɗakin gashi ta nuna bango:
zanen gawayi, layi-layi, ɗauri saba'in da biyu.
Babu shi a littafi, babu shi a wurin lauya.
Muka biya.
Wanda ya sayi akuya ya sayi kukanta.

Sannan masu shayin Katako suka fara ƙorafi,
wai burodin ya daina shan shayi kamar da.
Fulawa ita ce, awon yis shi ne,
sai dai Ɗanlami makwaɓi ya bi maigidansa,
ya tafi da abin da ke tafin hannunsa.
Na duba yarjejeniyar shafi goma sha huɗu,
ban ga inda aka rubuta hannu ba.

Yanzu rassanmu biyar.
Baba Gyang ya koyi cewa in sha Allahu a taron wata,
Hajiya na aika masa shinkafa ranar Kirsimeti,
kan kuɗin gyaran mota kuwa har gobe ba sa shiri.

Jiya wasu samari biyu suka iso daga Abuja,
takalmansu ba su san taɓo ba.
Suka ɗanɗani burodi, suka yaba,
ɗayan yana ƙirga tagogi da ido.
Na san kallon nan.
Da shi na shiga gidan Nadabo.

Daren nan na zauna na fara gyara rubutuna,
ina cike gurbin da na bari,
har bashin mai gawayi da na mai kawo ruwa,
saboda akawun da za a miƙa wa littafina
a ce masa: kafin Litinin.