Abin da Ilu Ya Bari a Kiribi

Ilu ya dawo Balangwa ran Laraba,
motar Kusiri ta sauke shi bayan la'asar,
hannun dama naɗe cikin tsohon rawani.
Muka zauna bakin Shari, ni da shi,
hayaƙin banda na ta hawa.

Na ce, ƙanena, ina kuɗin teku?
Ya kwance ƙyallen a hankali.
Babban yatsa na nan, manuni na nan,
sauran ukun suna ruwa.

Ya ce, Yaya, ruwan can ba danginmu ba ne.
Ba a shansa, sabulu ba ya kumfa.
Babu tsibiri, babu kainuwa,
gwangwala ba ta san inda ƙasa take ba.
Da hantsi ya kwanta luf kamar tabarma,
kafin azahar ya miƙe ya fi soro,
jirgi ya hau, hanjinka ya sauko,
mai sallah da marar sallah
kowa na kiran sunan uwa.

Ran da abin ya faru kuwa, lafiya lau,
ko iska babu.
Taru ya sarƙe a gindin inji,
na tsoma hannu in warware,
zoben azurfar Inna na walƙiya.
Barakuda suke ce masa.
Dogo kamar taɓarya, baki duk ƙusa,
abin da ke ƙyalli shi yake bi.
Ban ji zafi ba, Yaya, sanyi na ji,
sai na ga ja yana yaɗuwa.

Jinin ne ya kira manyan.
Shak biyu, ƙayar bayansu kamar garma
tana huɗar ruwa, tana kewaya mu.
Mai jirgi ya ɗaure min hannu da igiyar inji,
muka zubar musu kamun kwana biyu,
kifin jaka tamanin,
ba wanda ya yi ƙorafi,
muka juya muna guduwa.

Na yi shiru.
Ni ma tsage ya taɓa yaga min ƙauri,
na san hucin dorina cikin duhu,
na san minjirya, na san idon kada.
Amma su maƙwabta ne, mun san ƙofarsu.
Da tafki bai ja da baya ba,
da giwan ruwa bai zama labari ba,
me zai kai ɗan Balangwa gidan baƙin haƙora
neman abin sa wa a tukunya?

Da asuba na same shi gindin kwale-kwale,
zare a baki, koma a gwiwa,
yana koya wa hagu ƙulli.
Sau huɗu yana kwancewa.

Bai ɗago ba ya ce,
yatsun ba su dame ni ba kamar zoben.
Ka ga Inna ko Kusiri ba ta taɓa zuwa ba,
ga shi yanzu tana yawo cikin kifi
a ruwan da ba shi da gaɓa.